Mai ciki tsakanin kwalbar rini da finjalin jabana

A gidajen Hausawan Gadarif, Kasala, Mai Wurno da Damazin a ƙasar Sudan, da zarar ciki ya bayyana sai kowa ya zama mai gadin mai shi. Kada ta ɗauki jarkar ruwa, kada ta yi daka, kada ta fita da almuru. Kulawa ce mai kyau, Allah ya saka wa iyayenmu mata da alheri. Amma akwai abubuwa biyu da suke wuce masu gadin nan kullum ba wanda ya tsayar da su: abin da ake shafawa a gashi, ido da tafin hannu, da abin da ake tsiyayawa a finjali. Ɗaya kwalliya ce, ɗaya karamci ne, shi ya sa ba a zarginsu.

Ra'ayina shi ne mu daina yi wa abubuwan nan biyu kuɗin goro. Kafeyin, sinadarin da ke cikin gahawa, shayi da goro, yana da ma'auni, kuma mai ciki za ta iya sha idan ta san lissafinsa. Dalma kuwa, wadda ke ɓoye cikin wasu rinin gashi da kwalli, ba ta da wani adadi da masana suka ce babu komai a cikinsa, ko ga babba, balle ɗan tayi. Mu kuma mun juya lissafin. In tsoro ya tashi sai a hana mai ciki rinin kanti mai suna da takarda, a miƙa mata garin da aka ƙulla a leda wai shi na gargajiya ne, jabana kuma, wato gahawar gargajiya da ake tafasawa, a bar mata ita ba adadi.

Rini mai gishirin ƙarfe, irin su dalma, yana da sauƙin ganewa ga wanda ya san halinsa. Kwalba ɗaya ce, ruwa ko mai, ba a haɗa ta da wata, ba ta da warin amoniya mai shiga hanci, kuma ba ta rina gashi nan take. Ana shafawa kullum, furfura tana yin duhu a hankali har ta baƙanta cikin mako biyu ko uku. Masu talla suna cewa yana dawo wa gashi da launinsa na asali, alhali babu abin da yake dawowa. Dalmar da ke ciki ce take haɗuwa da farar wuta, wadda ke cikin gashin kansa da wadda aka zuba a kwalbar, su bar baƙar ƙura a bayan kowane sili, yau kaɗan gobe kaɗan. Akwai wanda ake yi da azurfa, akwai na bismut. In kwalbar tana da rubutu, a duba ko an sa lead acetate, silver nitrate ko bismuth citrate. A ɓangaren Larabci kuma a nemi kalmar rasas, wato dalma. Tarayyar Turai da Kanada sun daɗe da haramta mai dalmar. Amurka, wadda ta yarda da dalma har kashi 0.6 cikin ɗari a irin wannan rini, ta soke izinin a 2018, hukuncin ya fara aiki a Janairun 2022. Sai dai dokar Turai ba ta kwashe kwalaben da ke kan tebur a kasuwanninmu, musamman tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, sa ido ya yi rauni, kaya suna shigowa ta kowace iyaka ba tambari ba ranar lalacewa.

Hujjar da aka daɗe ana kare rinin da ita ita ce lafiyayyar fata ba ta shan dalma da yawa. Gaskiya ne, amma ta baki take shiga. Kuma a nan ne maganar ta bar mata ta koma kan maza, domin mafi yawan masu amfani da irin wannan rini magidanta ne masu ɓoye furfurar gemu. Maigida ya shafa da safe, dalmar ta zauna a hannunsa, a mataji, a tawul, a matashin kai, a marfin buta. Da rana ya shafi gemu, ya sa hannu a kwanon asida ko tuwon da ake ci tare. Yaron da ke rarrafe ya ja gemun babansa ya sa yatsa a baki. Gishirin dalmar nan ma zaƙi gare shi, don haka yaron da ya samu kwalbar ba zai tofar ba, kuma hanjin yaro yana shan dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da na babba ke sha. Matar da ba ta taɓa kwalbar ba tana iya zama cikin masu shan gubarta.

Dalma ba ta fita da wuri. Jiki yana ɗaukarta kamar kalsiyam, ya kai fiye da kashi 90 cikin ɗari nata ya ajiye a ƙashi da haƙori, ta zauna shekaru da dama. Idan ciki ya shiga, jikin uwa yana zaro kalsiyam daga ƙashinta don gina ƙashin ɗa, sai tsohuwar dalmar ta biyo shi zuwa jini, ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. Haka ma lokacin shayarwa. Ke nan abin da yarinya ta sha tana budurwa yana iya jiran cikinta na fari. Illolin da aka tabbatar sun haɗa da ɓari, haihuwa kafin lokaci, ɗa mai ƙarancin nauyi, hawan jini ga uwa, da tauyewar ƙwaƙwalwar yaro wadda ba a gane ta sai ya shiga makaranta ana cewa ba ya ganewa. Bahaushe ba baƙon gubar dalma ba ne. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje. Wancan mai yawa ce ta kashe a fili. Ta kwalba da kwalli kaɗan-kaɗan take shiga, ba suma ba farfaɗiya, shi ya sa ba a jin kukanta.

Na ambaci kwalli, kuma na san wurin yana da taushi, domin tsarabar Makka da Madina ce, ana kuma shafa shi da niyyar sunna. Ba na jayayya da falalar ismid, kwallin da ya zo a hadisi. Damuwata abin da ake sayarwa da sunansa. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama sun nuna cewa da yawa daga dutsen kwalli mai ƙyalƙyali dutsen dalma ne tsantsa, wani fiye da rabinsa dalma ce, kuma ido ba ya iya bambance shi da na ƙwarai. Abin da aka zizara a ido yana bin hanyar hawaye ya sauka hanci da maƙogwaro a haɗiye shi, sauran kuma yatsa ya kwaso. A rangaɗa wa jariri irin wannan a ido, wasu har a cibiya, kuskure ne da ya kamata ungozomomi su tsaya a kai har ya mutu. Mai ciki da mai shayarwa su bar kwallin dutse da na gari marar takarda. Wadda ba ta iya zama ba kwalli ta nemi fensirin ido na kamfanin da ya rubuta abin da ya zuba.

Garin lalle ma ba duka ne lalle ba. Akwai wanda ake cakuɗawa da gishirin tagulla, ƙarfe ko dalma don ya ba da baƙi ko ruwan ƙasa. Masu gyaran gashi sun san ɓarnarsa: mace ta yi irin wannan lalle, bayan wata guda ta zo a sa mata man miƙar da gashi ko rinin kanti mai ruwan oksijin, sai kai ya ɗau zafi, wari ya tashi, gashin ya koma kore-kore ko ya kakkarye a hannu. Ƙarfen ne yake hanzarta fashewar oksijin ɗin. Akwai tsohon gwajin da ƙwararru ke yi kafin su taɓa irin wannan kai: a kwanon gilashi, ba na ƙarfe ba, a zuba ruwan oksijin mai ƙarfin kashi 6 cikin ɗari mililita 30 da ɗigo 20 na amoniya, a tsoma silin gashin da aka tsinto a mataji na minti 30. In gashin ya yi haske nan da nan, dalma ce. In ruwan ya yi zafi yana tafasa da wari, gashin ya ruɓe, tagulla ce. In bai canza ko kaɗan ba, ana zargin azurfa. Mai shago ce za ta yi wannan a wuri mai iska, ba mai ciki ba.

Sai baƙin ƙunshi, wanda a Sudan ya fi duk waɗannan saurin kai mutum asibiti. Sibga, ko dutsen rini da ake dakawa a zuba a lalle don zane ya fito baƙi ƙirin cikin awa guda, ba ƙarfe ba ce. Sinadari ne da ake kira PPD. A Turai an yarda da shi a rinin gashi kawai, kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari bayan an haɗa, kuma an hana ɗora shi a fata. Mai ƙunshi kuwa da ido take aunawa, kuma an sha samun baƙin lalle mai ninkin wannan sau goma. Illar fata takan ɓullo bayan kwana 1 zuwa 3 ga wadda jikinta ya riga ya tsane shi, ko bayan mako ɗaya zuwa biyu ga sabuwar shiga: ƙaiƙayi, ƙuraje masu ruwa da bin sawun zanen, tabo. Jikin da ya tsane shi sau ɗaya ya tsane shi har abada. Mafi muni shi ne idan ya shiga ciki, kamar yaro ya sha ragowar da aka bari a kofi, ko aka lulluɓe hannu da ƙafa da shi mai yawa: fuska, harshe da wuya su kumbura cikin 'yan awanni har numfashi ya toshe, fitsari ya koma baƙi-baƙi saboda naman jiki yana narkewa, ƙoda ta tsaya. Ba shi da makari. Abin da ke ceton rai shi ne a buɗe hanyar numfashi da wuri, a yi ƙarin ruwa, wani lokaci a yi wankin ƙoda, kuma kowa ya san wahalar samun injin wankin ƙoda a halin da ƙasar take ciki. Duk wanda aka ga leɓensa ko harshensa ya fara kumbura bayan sibga, a nufi asibiti a lokacin, kada a tsaya ba shi madara ko sa shi amai.

Ba ina cewa mai ciki ta zauna ba ado ba. Lalle tsantsa kore ne, ƙamshinsa na ganye, yana ɗaukar awanni kafin ya kama, kuma launinsa ja ne zuwa ruwan goro, ba ya taɓa yin baƙi shi kaɗai. Mai son duhu a gashi ta bi shi da garin baba, wanda kakanninmu suka sani tun a marina, ko ganyen katam da ya zo a hadisi tare da lalle. Rinin kanti na kamfani sananne ma abin da fata ke sha daga cikinsa kaɗan ne, kuma likitoci da yawa suna cewa a jira ciki ya wuce mako 12, a gwada ɗan kaɗan a bayan kunne a jira awa 48, a sa safar hannu, a buɗe taga, kada a wuce mintocin da aka rubuta, a wanke kai sosai. Jariri dai kada a yi masa lalle ko da tsantsa ne, domin akwai yaran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ba baƙo ba ne a Sudan, lalle yana fasa musu ƙwayoyin jini.

Lissafin kafeyin ya fi sauƙi. Hukumomin lafiya na Birtaniya, Amurka da Turai sun tsaya a kan miligiram 200 a rana ga mai ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce duk wadda ke wuce 300 ta rage, saboda yawansa yana da alaƙa da ɓari da haihuwar ɗa marar nauyi. Dalilin yana hanta. Mace marar ciki tana ƙone rabin abin da ta sha cikin kamar awa 5, amma a watannin ƙarshe na ciki yana iya kaiwa awa 15. Wadda ta sha miligiram 100 da ƙarfe 7 na safe, da ƙarfe 10 na dare rabinsa yana jininta, ga kuma na rana da na la'asar sun hau kai. Kafeyin yana ratsa mabiyiya kai tsaye, ɗan tayi kuma ba shi da abin narkar da shi. Ko bayan haihuwa jariri yana ɗaukar kwanaki kafin ya fitar da rabin abin da ya samu a nono.

Matsalar ita ce ba wanda ke ƙirga finjali a zaman jabana, kuma ƙarfinta ya dogara da hannun mai dafawa. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a auna garin. Gahawar Habasha tana da kafeyin kamar kashi 1.2 cikin ɗari, irin robusta da ake shigowa da shi da yawa daga Yuganda kuma kusan ninki biyu. Babban cokali ɗaya na gari kamar giram 5 ne zuwa 6. In aka zuba giram 30 aka tafasa, tukunyar tana ɗauke da kusan miligiram 360 in ta Habasha ce, fiye da 600 in robusta ce, kuma tafasawa tana fito da kusan duka. Mata uku suka raba wannan, kowacce ta sha 120 zuwa fiye da 200 a zama ɗaya. Soya ƙwayar har ta yi baƙi ba ya kashe kafeyin, citta da sukari da madara ma ba sa rage shi. Abin da ke rage shi shi ne zubi: na farko ya kwashe mafi yawa, na biyu da na uku sun fi sauƙi. Mai ciki ba sai ta bar zaman ba, a ba ta finjali ɗaya ko biyu daga zubin ƙarshe.

Sauran kuma a haɗa su a lissafi ɗaya, domin jiki ba ya ware su. Babban kofin baƙin shayi yana kai miligiram 75, ƙaramin gilashi ƙasa da haka, amma wanda aka bari yana ta tafasa a kan gawayi ya fi ƙarfi. Babban kofin gahawar gwangwani mai narkewa kusan 100 ne. Gwangwanin kola kusan 35 zuwa 40, na Red Bull mai mililita 250 kuma 80. Goro namu yana da kafeyin kusan kashi 2 cikin ɗari na busasshen nauyinsa, don haka babban goro guda yana iya kamo kofin gahawa, ga shi masu ciki suna son sa saboda yana tsayar da yawu da tashin zuciya. Ɓari ɗaya ya isa. Sai wanda aka fi mantawa: Panadol Extra, kowace ƙwaya tana da miligiram 65, biyu 130. Mace ta yanke shayi da gahawa rana ɗaya, ciwon kai ya taso mata bayan awa 12 zuwa 24, ta sha wannan maganin ta ji sauƙi, ba ta san abin da ta gudu ta koma wa ba. A rage a hankali, finjali ɗaya duk bayan kwana biyu ko uku, in ana buƙatar maganin ciwon kai a nemi farasitamol tsantsa.

Akwai inda shayi da dalma suke haɗuwa, kuma a ganina nan ne ya fi cancantar a kula. Shayin da ake sha a kan abinci yana hana hanji shan fiye da rabin sinadarin ƙarfen da ke cikin wake, ganye da hatsi. Ƙarancin jini kuwa ya yi katutu a tsakanin masu ciki a Sudan, binciken da aka tattara ya nuna kusan rabinsu, kuma gabashi yana cikin inda abin ya fi tsanani. Jikin da ke yunwar ƙarfe da kalsiyam yana buɗe ƙofa ya sha dalma fiye da ƙoshasshe. Matar da ke karyawa da shayi, ta bi abincin rana da shayi, ta haɗiye ƙwayar ƙarin jini da shayi, sannan ta zizara kwallin dutse, ta haɗa wa kanta abu biyu masu taimakon juna. A bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakanin abinci da shayi. Ƙwayar ƙarin jini, wadda ake so ta ƙunshi ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikrogiram 400 kullum, a sha ta da ruwa ko ruwan lemun tsami, ba da shayi ko madara ba, kuma in an ba da ƙwayar kalsiyam a raba lokacinsu. Ruwan kuka, wanda ake kira gongolez a nan, da kunun tsamiya da kunun gyaɗa duk ba su da kafeyin. Zoɓo da hulba ma ba su da shi, amma ba a so mai ciki ta yawaita su. Wadda ke kwaɗayin cin ƙasa ta faɗa a awo, domin alama ce ta ƙarancin jini, ƙasar kuma tana iya ɗauke da dalma.

Wani zai ce iyayenmu sun sha jabana sun sa kwalli sun haife mu lafiya. Waɗanda suka rayu ne suke ba da labari, ɓarin da aka yi da yaran da suka taso da nauyin fahimta ba a taɓa danganta su da komai ba. Kuma iyayenmu ba su san robusta mai arha, lemon ƙarin kuzari da garin rinin da ba a san inda aka haɗa shi ba.

Nauyin bai kamata ya faɗa kan mai ciki ita kaɗai ba, domin amarya a gidan surukai ba ta iya mayar da finjali. In Inna ta ce, "Sha mana 'yata, ko gahawar tawa ce ba ta yi miki ba?" kunya za ta sa ta shanye. Uwar miji ce za ta fara cewa, "A ba ta na ƙarshe, ɗaya ya ishe ta." Maigida ya duba kwalbar gemunsa, in ya ga dalma ko bai ga rubutu ba ya fitar da ita daga gidan, a wanke mataji da tawul da rigar matashi daban da kayan yara. Mai ƙunshi ta tambayi kowace mace ko tana da ciki, ko ta taɓa yin ƙuraje bayan sibga, ta kuma daina barin kofin haɗi a ƙasa inda yara ke wasa. Ma'aikatan awo su ƙara tambaya uku a kan waɗanda suka saba: finjali nawa a rana, wane kwalli, wane rini ake amfani da shi a gidan. Matar da ta daɗe tana amfani da kwallin dutse, ko mijinta yana shafa rinin dalma ko yana aikin batir, walda ko haƙar zinariya, ta gaya wa likita a awon farko. Inda ake iya gwajin dalma a jini, maikrogiram 5 a kowace desilita shi ne inda ake fara neman tushen gubar a raba ta da shi, a kuma ƙarfafa mata ƙarfe da kalsiyam har ta yaye.